Kwalin rauta ya ce 1200, laftof ɗina ta ce 72: ina sauran?

"Assalamu alaikum, Malam. Na sayi sabuwar rauta mai ɗaukar layin waya, a jikin kwalinta an rubuta AC1200. Da na haɗa laftof ɗina, ta hannu ce ƙirar HP, sai na ga Windows ta rubuta 72 Mbps, kuma ko na zauna dab da rautar lambar ba ta motsi. Abokina ya zo da tasa, a kan tabarma ɗaya muka zauna, tasa ta nuna 866. In kuma ina sauke wani abu, abin da nake gani ba ya wuce 2 MB a sakan. Na shiga saitin katin Wi-Fi na tarar da wani layi mai suna Wireless Mode da zaɓi iri-iri, a, b, g, b/g, a/b/g, amma babu n ko ac. Wanne zan zaɓa? Ko dai katin ne ya tsufa, in canza shi?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na ji daɗin yadda ka kawo lambobin kamar yadda ka gan su, domin a cikinsu rabin amsar take. In na fahimce ka, kana son sanin dalilin da ya sa lambobi huɗu, 1200 da 866 da 72 da 2, suka ƙi jituwa alhali rauta ɗaya ce, sannan ko akwai wani saiti da za ka taɓa ko wani abu da za ka saya. Tun da farko in kwantar maka da hankali: ba na jin katinka ya lalace, kuma akwai alamar ko sisi ba za ka kashe ba.

Lambobin nan ba abu ɗaya suke aunawa ba

Fara da 1200 ɗin da ke kan kwali. Rautarka rediyo biyu ne a jikinta, ɗaya a zangon gigahaz 2.4, ɗaya a zangon gigahaz 5. Ƙarshen gudun na farkon 300 ne, na biyun 867. Masu ƙera ta suka haɗa biyun, ya ba da 1167, suka cike shi zuwa 1200 suka buga. Laftof kuwa da ɗaya daga cikin rediyoyin take magana a lokaci guda, don haka babu ranar da za ka ga 1200 a fuskarta. Abokinka da ya ga 866, shi ya riga ya kai ƙololuwar abin da rautar ke iya bayarwa.

72 da 866 kuma gudun magana ne tsakanin katin da ke cikin kwamfuta da rauta, a cikin ɗaki, ba ruwansu da intanet. Za ka iya zare layin wayar daga rautar gaba ɗaya, lambar nan ta ci gaba da nuna 72. Kuma ko ita ma ba dukkanta ke zama kaya ba. Kowane ƙunshin bayani da aka aika yana da kai da gindi, sai an jira fili kafin a aika, sai ɗaya ɓangaren ya amsa cewa ya karɓa, in bai amsa ba a sake. Abin da na saba gani a aiki shi ne kayan da ke isa da gaske rabin lambar ne zuwa kashi biyu bisa uku. Mai 72 yakan samu wajen 40, mai 866 yakan samu 500 ko 600 in yana kusa.

Ta ƙarshen, 2 MB, da wani mudu daban aka auna ta. Kamfanonin sadarwa da masu rauta da megabit suke lissafi, wanda ake rubutawa Mb da ƙaramin b. Manhajar sauke kaya da megabait take lissafi, MB da babban B, kuma bit 8 ne ke yin bait 1. Saboda haka 2 MB ɗinka megabit 16 ne. Riƙe wannan lamba, za mu dawo kanta: 16 bai ma kai rabin abin da haɗinka na 72 zai iya ɗauka ba.

Haruffan nan

Duk Wi-Fi a ƙarƙashin ƙa'ida ɗaya yake, mai lamba 802.11, ta ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE. Ta farko ta fito a 1997 da gudun megabit 2 kacal. A 1999 aka fitar da biyu tare: b a zangon 2.4 mai kai wa 11, da a a zangon 5 mai kai wa 54. A 2003 g ta zo ta kawo 54 ɗin zuwa zangon 2.4. Babban sauyi ya zo da n a 2009, domin ita ta fara aika bayani ta eriya fiye da ɗaya a lokaci guda, kuma tana aiki a zangunan biyu. Daga nan ac a 2013, wadda a zangon 5 kawai take, sai ax. Ganin haruffan suna rikita mutane, a 2018 aka raɗa musu sunaye masu sauƙi: n ta zama Wi-Fi 4, ac ta zama Wi-Fi 5, ax ta zama Wi-Fi 6.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne kati da rauta ciniki suke yi duk lokacin da suka haɗu. Kowa ya faɗi abin da ya iya, sai su tsaya a kan mafi girman abin da dukansu biyu suka iya. Abubuwa uku ake cinikin a kai. Akwai harafin ƙa'ida. Akwai faɗin tasha, megahaz 20 ko 40 ko 80 ko 160, wanda kamar faɗin titi ne. Akwai kuma yawan layin da katin ke iya tafiyarwa a tare, wanda ya danganta da yawan eriyarsa. Shi ake rubutawa 1x1 ko 2x2. Bayan an daidaita a kan waɗannan, ƙarfin sigina ke yanke ko za a yi gudu a saman matakin ko a sauko ƙasa. Kamar mutum biyu ne a gona: in suna kusa, hira suke yi da sauri, in nisa ya shiga, sai ɗaga murya da jan kalma da maimaitawa.

Da zarar ka san wannan, lambar da Windows ta nuna maka ta zama kamar shaidar yatsa. A tsarin n, layi ɗaya a faɗin 20 yana ƙarewa a 72, a faɗin 40 a 150. Layi biyu kuma 144 da 300. A tsarin ac mai faɗin 80, layi ɗaya 433, layi biyu 866 ko 867. A ax, layi biyu a faɗin 80 yana kai wa 1201.

Abin da 72 ɗinka ke faɗa

Ka ce ko ka matso kusa lambar ba ta motsi. Wannan jumla ita ta fi komai amfani a cikin tambayarka. Lambar da ke tsalle, yanzu 58, an jima 29, an jima 65, ita ce alamar sigina mai rauni ko cunkoso. Lambar da ta tsaya cak a kan ɗaya daga cikin waɗanda na lissafa, alama ce cewa sigina lafiya lau take, rufi kawai aka taɓa. Rufinka shi ne n, layi ɗaya, faɗin 20, kuma kusan tabbas a zangon 2.4.

Sai abu na biyu: ka ga harafin a a cikin zaɓin. Tunda a a zangon 5 kawai take, katinka ya iya zangon 5 ke nan. Kati mai zango biyu da layi ɗaya a cikin HP ta hannu, zuciyata ta fi tafiya ga dangin Intel 3160 ko 3165 ko 3168. Dukansu ac ne masu layi ɗaya, kuma a zangon 5 suna kai wa 433. In haka ne, katinka bai tsufa ba, ta ƙofar da ba ta dace ba ya shiga. Ban riƙe kwamfutar a hannuna ba, don haka kada ka ɗauki wannan a matsayin hukunci sai ka duba da kanka. Buɗe Command Prompt ka rubuta netsh wlan show drivers. Zai nuna maka sunan katin, da wani layi mai suna Radio types supported inda aka jera haruffan da ya iya. Sannan ka rubuta netsh wlan show interfaces, ka dubi Radio type da Channel da Receive rate. In lambar tashar tsakanin 1 da 13 take, kana zangon 2.4, in 36 ce ko sama, kana zangon 5.

Akwai wata hanyar da 72 ke fitowa, kuma na sha cin karo da ita. Eriyar laftof ba a jikin katin take ba, a cikin murfin take, a saman gilashi, wasu siraran wayoyi biyu, galibi baƙa da fara, su ke bi ta cikin hinji su sauko su maƙale a kan katin. An taɓa kawo mini wata kwamfuta mai kati mai layi biyu wadda ta koma rabin gudunta bayan an canza mata gilashi. Da na buɗe, waya ɗaya tana lilo, mai gyaran bai mayar da ita ba. Danna ta kawai na yi ta zauna, lamba ta ninka. In binciken ka ya nuna katinka mai layi biyu ne, irin su Intel 7260 ko 8265, amma yana tsayawa a 72 ko 433, to a fara duba wayoyin nan.

Layin Wireless Mode

Wannan layi ya ruɗi mutane da yawa, kuma ba laifinsu ba ne. A katunan Intel, layin da ke ɗauke da a, b, g tsofaffin ƙa'idoji ukun kawai yake kula da su. Sababbin suna wani layi daban a cikin jerin, mai suna 802.11n/ac Wireless Mode, a tsofaffin direbobi kuma HT Mode ko 802.11n Mode. To amsar tambayarka kai tsaye: a layin farko ka zaɓi wanda ya haɗa duka, a/b/g. In ka zaɓi b/g, da hannunka ka rufe ƙofar zangon 5, kuma ina zargin mai kwamfutar na farko ko wani mai gyara ya bar ta a haka. A layi na biyu ka zaɓi harafi mafi sabo da ke wurin. Zaɓen wani harafi ba ya ƙara wa kati abin da bai iya ba, rage masa kawai yake iya yi, shi ya sa shawarata kullum a bar ƙofofin duka a buɗe.

A cikin wannan jerin za ka ga Preferred Band, ka sa shi ya fifita zangon 5. Faɗin tasha na zangon 5 ka bar shi a Auto. Sauran layukan ka ƙyale su. Abu ɗaya kuma da ya shafe mu sosai: yawancinmu a kan batir muke aiki saboda halin wutar lantarki, kuma tsarin tattalin wuta na Windows yana iya rage wa katin kuzari in an cire caja. In ka lura gudu na faɗuwa da zarar an ɗauke wuta, shiga Power Options ka nemi saitin katin Wi-Fi ka sa shi a Maximum Performance a ɓangaren batir. Batirin zai ɗan fi saurin sauka, wannan kuma kai za ka auna.

Daga ɓangaren rauta, yawancinsu suna zuwa da suna ɗaya ga zangunan biyu, su bar na'ura ta zaɓa, ko kuma su saka 5G a ƙarshen sunan na biyun. Wannan 5G ɗin gigahaz 5 ake nufi, ba shi da alaƙa da 5G na kamfanonin waya. Ni na fi son a raba sunayen, laftof ta san na zangon 5 kawai, ƙananan wayoyi da sauran tarkace su zauna a 2.4.

Sannan ka duba tsarin kulle. Wata rana aka kira ni wani ofis inda duk kwamfutocinsu, sababbi da tsofaffi, suka tsaya a 54. An canza rauta, an canza waya, ba a dace ba. Ashe wani ne ya mayar da kullen zuwa TKIP don wata tsohuwar na'urar buga takardu ta samu shiga. Ƙa'idar n ta hana gudunta aiki da WEP ko TKIP, don haka kowa ya koma zamanin g. Muka mayar da shi WPA2 mai AES, muka ja wa na'urar waya, magana ta ƙare. Duk wanda ya ga 54 ta tsaya masa cak a kan na'urar zamani, nan zai fara dubawa.

Zangon 5 ba kullum ne ya fi ba

Kada in sa ka ɗauka zangon 2.4 ba shi da amfani. Ya fi nisa kuma ya fi ratsa bango. Ginin bulo da siminti, balle rufin kankare mai rodi a ciki ko katangar ƙasa mai kauri, suna cinye siginar zangon 5 da wuri. In rauta tana falo kai kuma kana ɗakin da ke bayan bango biyu, sau da yawa 72 mai ƙarfi ta fi 433 da ta ragargaje ta koma 30. Matsalar 2.4 cunkoso ce. Tashoshi uku kawai ke cikinsa da ba sa taka juna, 1 da 6 da 11, kuma a nan Bluetooth yake, a nan MiFi ɗin maƙwabta da hotspot ɗin wayoyin gida suke. A ɗakunan kwanan ɗalibai ko rukunin shaguna za ka iya ƙirga sunaye ashirin a jere. Shi ya sa ba na ba da shawarar a tilasta faɗin 40 a wannan zango don a ga 150: lambar za ta yi kyau a ido, amma ka mamaye fili mai yawa, karo ya ƙaru, kai da maƙwabcinka duk ku yi asara.

Dalilin shi ne a tasha ɗaya, baki ɗaya ke magana a lokaci guda, kamar zaman majalisa a zaure. Kowa sai ya saurara ya ji shiru kafin ya buɗe baki. In akwai wata tsohuwar na'ura ko wata waya a can ƙuryar gida da ke magana a hankali, lokacin kowa take ci, domin saƙon da mai sauri zai gama nan take ita sai ta daɗe tana jan sa. Wannan ne ya sa wani lokaci gyaran ba a kwamfutarka yake ba, a rage masu zaman zauren yake.

Mu koma kan 16

Ga inda nake son ka yi haƙuri da ni. Ko da ka bi duk abin da na faɗa, lamba ta tashi daga 72 zuwa 433, mai yiwuwa ne saukewarka ta ci gaba da zama a 2 MB. Rautarka daga turken kamfanin waya take ɗebo intanet, kuma abin da turken ya ba ta shi za ta raba. In ruwan da ke shigowa gida siriri ne, faɗaɗa bututun da ke tsakanin tanki da banɗaki ba zai ƙara shi ba.

Gwajin mai sauƙi ne, kuma abokinka ya riga ya kawo maka kayan aiki. Ku zauna wuri ɗaya, ku cire sauran na'urori daga rautar, ku buɗe shafin auna gudu irin su fast.com ko Speedtest, kai ka gwada, in ka gama shi ma ya gwada. In tasa mai 866 ita ma ta ba da 15 ko 18, katinka ya wanku, matsalar tana tsakanin rauta da turke. In tasa ta ba da 60 taka ta tsaya a 16, to Wi-Fi ɗinka ne. Ku maimaita da asuba da kuma bayan isha'i, za ka ga yadda turke ke cika da dare. In ta tabbata daga waje ne, abin da zai taimaka shi ne matsar da rautar kusa da taga ta ɓangaren da turken yake, ɗaga ta sama, ko gwada layin wani kamfani. Akwai ɗan ja-in-ja a nan, domin inda rauta ta fi kama sabis ba lallai ne ya zama inda ta fi watsa Wi-Fi a gida ba. Sai ka gwada wurare biyu ko uku ka ga inda abin ya daidaita.

To ina amfanin 433 in intanet 16 ne? Yana da shi. Tura fayil tsakanin kwamfuta da waya a cikin gida ba ya bi ta turke, don haka zai yi sauri sosai. Kiran bidiyo yakan fi tsayawa a zangon da babu cunkoso. Ranar da ka koma intanet na fayiba ko Starlink ko rautar 5G ta kamfanonin waya, a ranar ce 72 za ta zama maka shinge na gaske.

Batun canza kati

In bincike ya nuna katin 2.4 kawai ya iya, irin su Realtek RTL8723BE da suka cika ƙananan laftof, kuma intanet ɗinka ya fi ƙarfinsa, canzawa tana da ma'ana. Amma a duba abubuwa kafin a ba da kuɗi. Ramin katin iri biyu ne, tsohon Mini PCIe da sabon M.2, kuma ba sa shiga na juna. Ko kan wayoyin eriyarsu ba girmansu ɗaya ba. Wasu ƙananan laftof waya ɗaya kawai aka ja musu, don haka in ka sa kati mai layi biyu ba za ka ci cikakkiyar moriyarsa ba sai an ƙara eriya. Wasu tsofaffin HP da ThinkPad kuma suna da jerin katunan da suka yarda da su a cikin BIOS, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin Windows. Ka sa baƙo, kwamfutar ta ƙi tashi, ThinkPad ta nuna maka kuskure mai lamba 1802, HP mai lamba 104. A cikin sababbin katunan, AX200 da AX210 suna aiki a yawancin ramukan M.2 na katin Wi-Fi, amma AX201 da 9560 sun dogara da wani sashe da ke cikin wasu kwamfutocin Intel kawai, don haka kada mai shago ya ce maka duk ɗaya ne. A sa a gabanka, a kunna, ka ga lambar da idonka.

Wanda ba ya son a buɗe masa kwamfuta, akwai ɗan katin USB. Waɗanda suke kamar ƙwayar gyaɗa eriyarsu ƙarama ce, yawancinsu ba su wuce katin da kake gudu ba; ka nemi mai zango biyu da eriya a waje. In kuma kwamfutar a kan tebur ɗaya take yini, wayar Ethernet ta fi kowane kati kwanciyar hankali, sai dai ka duba ramukan bayan rautar, domin yawancin masu araha a megabit 100 suke tsayawa.

A taka matsalar, ga yadda zan bi da ita da a gabana take: in rubuta umarnin netsh guda biyun, in mayar da layin farko a/b/g, in tabbatar na biyun yana kan ac, in haɗa da sunan zangon 5, sannan in yi gwajin nan da kwamfutar abokinka. In ka yi, turo mini sunan katin da lambar tashar da abin da kowannenku ya samu a gwajin, in Allah ya yarda daga nan za mu san ko akwai sauran aiki.